Yaranmu Sun Iya, Bakinsu ne Ya Mutu a Aji



Mu biyar ne muke koyar da yaran unguwa darasin ranar Asabar a nan Zangon Agege, a wani ɗakin islamiyya da aka ara mana. Biyu daga cikinmu malaman makaranta ne, sauran kuwa 'yan kasuwa ne da suka ɗan taɓa boko. Da muka fara, mun ɗauka Turanci da lissafi ne matsalar yaranmu. Ba mu yi wata guda ba muka gane akwai wadda ta fi su girma.

A ranar farko mun tambayi yara kusan talatin abin da kowa yake so ya zama. Maza suka ce direban tirela, dillalin shanu a mayankar Oko-Oba, ɗan canji, mai shagon waya. Mata suka sunkuyar da kai. Da muka matsa wa ɗaya, sai ta ce, "Duk abin da aka ce, Malam." Babu sana'ar raini a cikin waɗannan, da su aka ciyar da mu. Abin da ya dame mu shi ne babu yaro ko ɗaya da ya ambaci wani abu da ba ya gani tsakanin ƙofar gidansu da Pen Cinema.

A cikinsu akwai wani yaro ɗan aji uku na ƙaramar sakandare. Can baya yake zama, bai taɓa ɗaga hannu ba, sakamakonsa na makaranta kuwa ja ya fi yawa. Wata rana ɗayanmu ya je sayen goron ɗaurin aure, sai ya tarar da shi a rumfar mahaifinsa. Yaron nan yana ciniki da wata mata da Yarbanci, ya juya ya amsa wa wani da Turancin buroka, ya lissafa kuɗin ƙwarya uku da rabi da ka, ya cire ragi, ya ba da canji, ko biro bai taɓa ba.

Asabar ta gaba muka rubuta lissafin kaso cikin ɗari a allo, ya yi shiru kamar kullum. Muka goge, muka mayar da tambayar ta goro: an sayi huhu kaza, kaza ya lalace a hanya, nawa za a sayar da ƙwarya a fita? Kafin mu ajiye alli ya faɗi amsa ƙasa-ƙasa. Muka ce ya fito ya nuna wa aji yadda ya yi. Ya fito hannunsa na rawa.

Bayan an tashi muka tambaye shi me ya sa ba ya magana a makaranta. Ya ce tun yana aji ɗaya aka sa shi karatu a gaban aji, harshensa ya haɗa "p" da "f" kamar yadda yake faruwa da yawancinmu, aji ya fashe da dariya, wani ya yi ihu, "Aboki!" Ya ce, "Tun ranar na ga gara in yi shiru, Malam." Shekara biyu ke nan.

Duk wanda ya tashi a Legas ya san yadda wannan kalma tamu mai kyau take komawa zagi a bakin wasu. Amma kada mu ɗora wa maƙwabta laifin duka. Mu ma muna da namu. A gida muna koya wa yaro kada ya kalli babba ido cikin ido, kada ya yi magana sai an tambaye shi, kada ya ja da na gaba. Tarbiyya ce mai kyau. Sai dai malamin da bai san mu ba, idan ya ga yaro ya sunkuyar da kai, sai ya ɗauka bai sani ba ne. Ya daina tambayarsa, yaron ya koma bencin baya. Mu kuma a gida mu ga sakamako mu ce, "Ai kai ba ka da kan boko." Yaro ya ji a titi, ya ji a aji, ya ji a gida, to wa zai ƙaryata?

Ba a kanmu aka fara ba. A 1968 wasu masana biyu a Amurka, Robert Rosenthal da Lenore Jacobson, suka wallafa binciken da suka yi a wata firamare a jihar Kalifoniya. Sun gaya wa malamai cewa wasu yara, kamar ɗaya cikin biyar, za su yi fice a shekarar, alhali da ka aka zaɓo sunayen. Da shekara ta ƙare, yaran nan, musamman na ƙananan azuzuwa, sun fi sauran ci gaba a gwaji. Masana sun yi ta muhawara a kan girman tasirin, amma mu mun ga alamarsa da idonmu: yadda malami ya ɗauki yaro, haka yaro yake ɗaukar kansa.

Ga abin da muka sauya a ajinmu. Mun hana dariya idan wani ya yi kuskure, kuma mu malamai muka fara faɗin namu kurakuran a fili. Mun daina kiran masu ɗaga hannu kaɗai, kowa sai ya yi magana sau ɗaya kafin a tashi, ko da jimla guda ce. Idan muka yi tambaya mukan jira, domin yaron da ke juya amsa daga Hausa zuwa Turanci a ransa yana buƙatar lokaci. Mun kuma daina yabon banza. Da farko kowa "gwani" muke ce masa, sai muka ga yara sun fi mu wayo, sun san yabon da ba a yi wa gumi ba. Yanzu sai mu ce, "Makon jiya layi biyu ka rubuta, yau ka rubuta shida." Wannan ba ya musuwa.

Sannan muka tuna musu su wane ne. Kakanninsu sun biyo fataucin goro da layin dogon da ya haɗa Ikko da Kano tun wajen 1912, suka zauna cikin mutanen da ba su jin harshensu, suka kafa zango har da sarautarsu. Matsoraci ba ya wannan. Yaron da ke jin Hausa da Yarbanci da Turanci, ga Larabcin islamiyya, ba shi ne abin dariya a aji ba. Mun ba su labarin Mai Shari'a Aloma Mukhtar, mace ta farko da ta zama Alƙalin Alƙalan Najeriya a 2012, da Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka.

Amma gani ya kori ji. Muka yi karo-karo muka hau jirgin ƙasan Red Line daga tashar Agege zuwa Yaba, muka nuna musu Kwalejin Fasaha ta Yaba, muka ƙarasa Jami'ar Legas a Akoka. Yawancinsu a Legas aka haife su, amma ba su taɓa taka wurin ba. A harabar jami'ar muka haɗu da wata ɗaliba mai hijabi, ta gaishe su da Hausa. Yarinyar nan mai cewa "duk abin da aka ce" ta bi ta da kallo har ta ɓace. A hanyar dawowa ta tambaye mu darussan da ake buƙata a WAEC kafin a karanci aikin jinya.

Ba za mu ɓoye muku ba, ba ko'ina muka yi nasara ba. Yarinyar nan an mayar da ita gida Arewa kafin ƙarshen shekara, kuma ba mu da labarin ta ci gaba da karatu. Har yau abin yana ci mana rai, domin mun yi wata shida muna magana da ita, ba mu taɓa zuwa mun zauna da iyayenta ba.

Shi ya sa da muka ji mahaifin mai goro zai cire shi bayan jarrabawar aji uku, muka tafi rumfa mu uku. Ya ce, "Malamai, yaron nan boko ba ta karɓe shi ba, kasuwa kuwa ta karɓe shi." Muka ce, "Alhaji, kan da yake riƙe maka lissafin rumfa shi ne dai kan da zai riƙe na makaranta. A ba mu zango ɗaya." Ya yi shiru, ya ɓare goro ya miƙa mana, ya ce, "Zango ɗaya." Yanzu yaron yana aji ɗaya na babbar sakandare. Turancinsa da saura, amma ya dawo benci na biyu, kuma da yamma yana rumfa kamar da.

Roƙonmu ga iyaye kaɗan ne. Yau idan yaro ya dawo, kafin a aike shi, a ce ya koya muku abu ɗaya da ya koyo, ku saurara har ya gama. Kalmar "daƙiƙi" kuma a yi mata ƙaura daga gidajenmu. 'Yan uwanmu da suka zama likitoci, injiniyoyi, lauyoyi ko ma'aikatan jinya a garin nan, muna roƙon awa ɗaya tak ta ranar Asabar. Ku zo da kayan aikinku, ku yi musu magana da Hausa.

Allah ya raya mana su, ya yi musu albarka.