Diyyar Mari

A Kabo, indararon maƙwabci ya yi ta zuba a gindin katangar kawuna har ta tsage. Da magana ta yi zafi, maƙwabcin ya mare shi a gaban 'ya'yansa. Ni na raka shi kotu neman diyya.

Alƙali ya bayyana mana cewa a mazhabar Malikiyya rauni yana da diyya, amma mari ba shi da ƙisasi, sai ladabtarwa. Aka biya kuɗin katanga, muka dawo Kawu bai huce ba. Wata uku yana zagayawa wani masallaci don kada su haɗu a sahu.

Bai koma ba sai ranar da mutumin ya zo zaure da mai unguwa, ya ce, "Alhaji, ka yafe mini," yaran nan suna ji.