Daren da Wata Ya Yi Zazzaɓi

Mu 'yan aji shida, da safe muna lakwal, da yamma muna madarasa. Shi ya sa a unguwa wasu ke mana kallon 'yan boko, a lakwal kuma a ce ga ustazai nan. To, ranar Lahadi 7 ga Satumba 2025, cikin watan Mauludi, sai ga magana ta same mu a tsakiya.

Tun da sauran kwanaki rediyo ya ce wata zai yi husufi bayan magariba. Wani dattijo mai shago a bakin masallaci ya ce mana, "Kai yara, wannan duba ne! Wa ya san gobe in ba Allah ba?" Bai rufe baki ba ya ɗaga kai ya dubi takardar lokutan salla da ke manne a bangon shagonsa, wadda aka lissafa ta shekara guda cur, ya ce saura minti bakwai a kira. Wallahi da ƙyar muka danne dariya.

Da watan ya fito jajir, ƙannenmu suka kwashi gwangwani da tsofaffin kwanoni suna ta kiɗa wai rana ta saki wata. Wannan bai dame mu ba, mu ma mun yi a zamaninmu. Abin da ya taɓa mu kakar wata 'yar ajinmu ce. Maigidanta na kwance ba lafiya, ita kuwa tun tana yarinya ta ji ana cewa in wata ya yi haka babba zai rasu. Ta zauna bakin ƙofa tana kuka.

Muka so mu yi mata bayanin da mushe ya yi mana: tocila ce rana, lemu ne duniya, goruba ce wata, inuwar duniya ce ta faɗa kansa. Ta ce, "Ku kwashe min gorubarku daga nan."

Malam ne ya zo ya raba gardama. Ya durƙusa ya ce, "Inna, ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu rana ta yi husufi, mutane suka ce don shi ne. Annabi da kansa ya hana, ya nuna musu husufi ba ya zuwa don mutuwar kowa, salla da addu'a ake yi." Ya ƙara da cewa a Risala ma na wata ba a yi masa jam'i, kowa ya yi tasa. Ta share hawaye, ta ce a miƙo mata buta.

Mu kuwa mun ɗauka Malam zai yi mana faɗa kan lemu da goruba. Sai ya karɓi tocilar ya ce, "Ba haka ake riƙewa ba, ku jera su a layi ɗaya." Da ya gama nuna mana, ya ɓare lemun ya shanye duniya.