Cin Ranin da Ya Ƙi Ƙarewa

A Kaura Namoda dogo ya ƙare. Tun 1929 da Turawa suka jawo layin jirgin ƙasa daga Zariya ta Gusau, nan suka ja birki, don gyaɗa suka zo ɗauka, ba zumunci ba. Mai zuwa Zurmi ko Shinkafi sai ya nemi mota. Yanzu kuwa samun motar ba shi ne aikin ba, jiran labarin hanya ne. Direbobi ba sa tashi ɗaiɗai, kowa na kiran wanda ya riga shi fita yana tambaya ko lafiya. Ni da na saba da tashoshin Kano inda ake cacar baki kan gidan gaba, sai na ga a nan ba mai damuwa da inda ya zauna, kowa rana yake dubawa.

Jangeru, inda na nufa, tana cikin ƙaramar hukumar Shinkafi. Abin da ya fara ɗaure mini kai a garin shi ne sahun sallar azahar: ga furfura a gaba, ga yara a baya suna ture-ture, majiya ƙarfi kuwa sai ka ƙirga su da yatsu. Da aka idar na tambayi dattijon da ke gefena, "Baba, ina mazan garin?" Ya dube ni kamar na tambayi inda rana ke faɗuwa. "Sun tahi biɗa, Malam."

Tafiyar ba sabuwa ba ce. Tun shekarun 1950 wani Bature masanin ƙasa, Mansell Prothero, ya yi rubutu kan mazan Lardin Sakkwato da ke kwarara kudu duk rani, zuwa ƙasar Yarbawa har Kumasi, kuma Zamfara tana cikin Sakkwato har 1996. Amma cin ranin da yana da ƙa'ida. Gero ya shiga rumbu, namiji ya fita don ya rage wa gida baki, hadari ya fara haɗuwa ya dawo da turmin atamfa da kuɗin iri. Yaro ɗan shekara biyar ma ya san lissafin, ba sai an gaya masa ba: ya ji ƙamshin ruwan farko, ya san ubansa na hanya.

Lissafin nan ne ya lalace. Gonar da ke nesa da gari ba ta nomuwa, in ma za ta nomu sai an biya 'yan bindiga kafin shuka, a sake biya kafin girbi. To me mutum zai dawo ya yi? Sai ya zauna a Agege ko Mile 12 yana gadi, ko ga-ruwa, ko ya gangara ramukan zinare na wajen Ilesha. Masu acaɓa kuma, tun da Legas ta hana sana'ar a wasu ƙananan hukumominta a 2022, aikensu ya ragu. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Ka tambayi yaro yaushe babansa zai dawo, ya ce sai randa Allah Ya yi, irin amsar da ta fi ƙarfin shekarunsa.

Wurin da na fi daɗewa shi ne rumfar mai cajin waya, wanda kuma shi ne mai POS. Allo ne na katako da aka jera wa soket, janareta na kuka a baya, kowace waya an manna mata lamba. Matan aure ba sa fitowa, don haka yara ne 'yan aike: su kawo wayar uwa, su karɓi kuɗin da uba ya turo, su ƙirga a gaban mai rumfa. Wani yaro da bai wuce shekara goma sha ɗaya ba ya yi wa babansa filashin, ya tsaya. Da kiran ya shigo ya rusuna, kamar uban na ganinsa. "Baba, ina wuni? Lahiya lau. Inna ta ce hatsi ya ƙare. To. To. Sai an jima." Ko minti ɗaya ba a yi ba.

Na ji abin ya yi mini bushe. Ni in na yi tafiya, kowane dare sai na kira gida, a miƙa wa kowane yaro waya, in tambayi abin da ya ci, in tambaya ko yana kewata, har uwarsu ta ce kati nake ɓarnatarwa. Da wannan mudun na auna uban yaron, na ga bai cika ba. Sai daga baya na tuna cewa a nan ɗan fari ko ido ba ya haɗawa da ubansa, balle hira, kuma uban da ke ƙirga kowace naira bai da halin surutu. Kiran nawa ma, tsakani da Allah, wa yake kwantar wa hankali, su ko ni? Sau nawa na ji ana janye ƙaramin daga gaban talabijin don ya zo ya ce yana kewata?

Amma gajeren kiran nan ba ƙaramin abu ba ne, kuma an ga haka a watan Satumba na 2021, lokacin da gwamnatin Bello Matawalle ta sa aka rufe layukan waya a Zamfara, aka kuma rufe kasuwannin mako. Makonni suka shuɗe ba kira, ba aike, sai wanda ya iya tafiya wata jiha ya buga waya ya dawo da labari. Wata tsohuwa da ke riƙon jikoki huɗu ta ce a lokacin ne babbansu ya koma fitsarin kwance, yana firgita cikin dare yana cewa an kashe babansa. Ta yi masa tofi, ta karɓo rubutu, ta dawo da shimfiɗarsa bayanta. Na ce, "Inna, yanzu fa?" Ta ɗaga murya don ya ji: "Wanga angon nawa? Ragon miji ne, ko cefane bai iya ba!" Yaron ya rufe fuska yana dariya, ya ce ai ya sake ta tun jiya. Wasan jika da kaka, da na ɗauka raha ce kawai, a gidan nan shi ne ƙofa ɗaya da yaro ke iya mayar wa babba magana ya ji sanyi.

A 2018 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani nazari da ya tattara bincike 111 kan yaran da iyaye suka bari suka tafi neman kuɗi, ya samu sun fi sauran yara faɗawa ciwon damuwa da fargaba, har da tunanin kashe kai. Guda 91 daga ciki a ƙasar Sin aka yi su, inda iyaye ke tafiya masana'antu su dawo bikin sabuwar shekara. Yaron Jangeru yana da ƙari a kan nasu: shi yana tsoron abin da zai sami ubansa a hanya, uban na tsoron abin da zai sami gidan da dare. Abin da ake aunawa a nan dantse ne. Ƙungiyar likitoci ta MSF, da ke aiki a asibitocin Shinkafi da Zurmi, ta auna yara 'yan ƙasa da shekara biyar a 2024, ta samu kusan ɗaya cikin huɗu na fama da tamowa. Babban asibitin ƙwaƙwalwa kuwa yana Kware, can kusa da Sakkwato, kuma a tunanin jama'a sai wanda ya fara jifa ake kaiwa. An sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa a 2023, amma ba ta hana yaro firgita a Jangeru.

Kowa na yaba haƙurin yaran, ni ma na yaba. Suna ɗebo ruwa, suna kiwo a bakin gari, suna zuwa makarantar allo, 'yan matan na talla da goyon ƙanne. Sai dai yabon nan ya yi mana araha, mu manya. Yaron da ya daina wasa, ya daina rigima, ya zauna shiru a gindin bango, shi ake cewa ya yi hankali. Malamin allon garin ya fi ni lura. Ya ce masu kuka ba sa ba shi tsoro, wanda ya yi wata bai nemi a biya masa gaba ba shi yake kira gefe ya aike shi, don dai su yi magana.

Ina jiran motar komawa wani ɗan shekara goma sha uku ya matso, ya gaishe ni da ladabi, ya ce ya ji ni Bakano ne. "Malam, daga Kano zuwa Legas nawa ne kuɗin mota?" Na faɗi abin da na sani. Ya girgiza kai, ya ce wannan na bas ne. In a bayan tirelar shanu ne bai kai rabin haka ba, kuma ya riga ya tara fiye da rabin rabin.