Gemu Ba Ya Hana Ilimi

Shekara 15 ina jarraba ɗalibai, sai ga ni da furfurata ni za a jarraba. Daren da naƙuda ta kama maiɗakina, ga mota a ƙofar gida amma babu mai ja, shi ya raba ni da girman kai. Mako 6, kullum bayan asuba, wani yaron gareji yana koya mini sakin kuloci a kan tudu da ribas tsakanin duro biyu. "Ranka ya daɗe, madubi tukuna!" Sai in bi. Ranar gwaji, jami'in duba motoci bai tambayi digirina ba. Ƙafata ya zuba wa ido. Na haye a karon farko. Tun daga ranar ban sake yi wa ɗalibin da hannunsa ke rawa tsawa ba.