Tsibirin Littafina Da Tsibirin Kakata

Waɗanda suka karanta littafina na biyu za su iya tuna babin nan da ango ya ɗauki amaryarsa bayan watsewar biki, ya kai ta wani tsibiri a tsakiyar teku domin cin amarci. Saƙonnin da na samu a kan wannan babi sun fi na sauran littafin gaba ɗaya yawa. Wata baiwar Allah daga Funtuwa har cewa ta yi in taimake ta da sunan wurin, wai ta sa mai gidanta a gaba sai ya kai ta. To yau dai zan fasa ƙwai kowa ya huta: ni ban taɓa ganin teku ba. A Ƙauran Namoda aka haife ni, nan na yi sakandare, kuma ruwa mafi girma da idona ya taɓa gani shi ne gulbin Gagare in ya kawo a tsakiyar damina.

Tsibirin nan haɗa shi na yi. Rabi daga finafinan Indiya, rabi daga wata tsohuwar kalanda da ke rataye a shagon magani na unguwarmu. Na zuba masa yashi fari tas kamar garin tuwo, na dasa itatuwan kwakwa masu rusunawa kamar suna gaida ruwa, na rataya wata ɗan daren sha huɗu a sama, sannan na kori kowa daga cikinsa, ya rage daga amarya sai ango. Ko mai dafa musu abinci ban sa ba, don na manta masoya ma suna jin yunwa.

Na rubuta shi ne a watan Satumba na shekarar 2021, lokacin da aka katse layukan waya a jihar Zamfara aka kuma rufe kasuwannin mako saboda matsalar 'yan bindiga. Ba kira, ba saƙo, hatta kasuwar Shinkafi da Babanmu ba ya fashin zuwanta ranar Alhamis ta tsaya cik. Zaman ya ishe ni, sai na ɗauki biro da littafin rubutu na gudu zuwa teku. Da dare kuma in karanta wa ƙannena abin da na rubuta da hasken cocila.

A shekarar ne Kakata ta wajen uba ta dawo gidanmu da zama. Daga wani ƙauye take a ƙasar Zurmi, kusa da gulbin Bunsuru, kuma ba da son ranta ta baro shi ba. Sai da aka shiga ƙauyen sau biyu cikin dare, Babanmu ya je da kansa ya ɗauko ta da ƙullin kayanta guda ɗaya da wata tsohuwar akwatin ƙarfe. Tunda ta zo ba ta cika magana ba, in ban da tsokanar da take yi mini, don ni ce kishiyarta.

Ranar da na karanta babin tsibiri tana kwance a kan tabarma ta juya mana baya, duk mun ɗauka ta yi barci. Ina isa wurin da amarya ta tsoma ƙafarta mai lalle cikin farin yashi, sai muka ji dariya ƙasa-ƙasa.

"Ke kishiya, mi kinka ce? Hwarin rairai?"

Na ce, "Eh Kaka, ai haka bakin teku yake."

Ta tashi zaune tana gyara kallabi. "Wanda ni na taka baƙi ne ƙirin, kamar an daka gawayi. Kuma ina ruwan sama? Kin kai ɗiyar mutane tsibiri kwana bakwai ko yayyahi ba a yi ba? Ke, ƙarya ma ai da gwaninta."

Wallahi kunya ta kama ni a gaban ƙannena. Na san tun ina ƙarama ana cewa Kaka da marigayi Kakanmu sun taɓa zama a "Fanya", ita kuma da bakinta na Zamfarawa "Hwanya" take cewa, amma ni a zatona wata unguwa ce a Ikko. Ban taɓa tambaya ba. Ashe ina zaune gida ɗaya da matar da ta shekara goma sha biyu a tsakiyar teku, ni kuma ina can ina roƙon aron tsibiri wajen kalanda.

Fanya dai shi ne tsibirin da Turawa suke kira Fernando Po, yanzu kuma Biyoko, a ƙasar Ikwatoriyal Gini. Yana cikin teku kimanin kilomita 32 daga gaɓar Kamaru. 'Yan Fotugal ne Turawan da suka fara isa wurin wajen shekarar 1472, daga baya ya koma hannun Sifen a 1778, kuma daga sunan ƙasar Sifen ɗin a bakin masu ita ne mutanenmu suka samo "Fanya". Asalin mazauna wurin ƙabilar Bubi ne. Arzikin tsibirin a wancan zamani koko ne, masu aikin gonakin kuwa akasarinsu 'yan Nijeriya ne daga kudu maso gabas, waɗanda ake ɗiba ta Kalaba, musamman bayan yarjejeniyar ɗaukar leburori da Ingila da Sifen suka ƙulla a 1942. Inda kuwa aka tara masu albashi, ai kun san Bahaushe ba ya nisa. Kakanmu ɗan koli ne, turare da tsakiya da madubi da kayan fata yake bi da su gona-gona ranar biyan kuɗi.

A 1964 ya zo gida ya aure ta, tana 'yar shekara goma sha biyar. Ta ce daga ƙauyensu a kan jaki aka kawo ta Ƙaura, nan ta fara ganin jirgin ƙasa. Ku tuna nan garin namu ne ƙarshen layin dogo da ya iso daga Zariya a 1929, tashar da yanzu awaki ne ke kiwo a cikinta. Daga nan Gusau, Funtuwa, Zariya, Kaduna, aka canza jirgi ta Kafancan da Makurɗi da Inugu har Fatakwal, sannan Kalaba, sannan jirgin ruwa. Wannan shi ne yawon amarcin Kakata, kuma ta ce tun daga Kalaba take amai har aka ce ga tsibiri can.

Amma fa da ta ɗago kai ta gani, ta ce sai da ta manta da ciwon. Dutse ne guda ya taso daga cikin ruwa, kore shar tun daga gindi har inda gajimare ya rufe shi. Ta ce, "Na ɗauka Kwatarkwashi shi ne ƙarshen dutsi, ashe jikansa ne." Wannan dutsen Basile ne, tsawonsa ya ɗan haura mita 3,000, kuma tsohon dutse ne mai aman wuta, shi ya sa yashin wurin ya zama baƙi. A gindinsa garin Santa Isabel yake, wanda aka mayar Malabo a 1973, nan suka zauna cikin 'yan uwansu Hausawa. In gari ya waye tangaran, ta ce kana hango wani dutsen da ya fi shi a ƙetaren ruwa, wato dutsen Kamaru.

Daga ranar nan karatun dare ya juye, ita ke bayarwa ni nake rubutawa. Abin da ya fi tsaya mata a rai ruwan sama ne. Ta ce sai a yi kwana uku ana zuba ba a ɗauke ba, ka shanya zane ya kwana huɗu bai bushe ba, takalmin fata ya yi furfura a ƙarƙashin gado, gishiri ya narke a cikin kwano. Ita da ta tashi inda ake fita roƙon ruwa, sai ga ta tana roƙon Allah ya kawo rana. Da aka maido da layin waya na duba, sai na tarar ba ta ƙara gishiri ba. A kudancin tsibirin akwai ƙauyen Ureka inda ruwan shekara kan haura milimita 10,000, yana cikin wuraren da suka fi ko'ina samun ruwa a duk Afirka. Mu nan da ƙyar muke ganin 1,000. Kun ga daminarmu goma ke nan a shekararsu guda.

Gero kuwa babu ko ƙwaya. Rogo, gwaza, ayabar dafawa, manja da busasshen kifi, shi ke nan. Ta ce ta yi kukan fura ya fi sau shurin masaki. Sau ɗaya Kakanmu ya tafi da ita Moka, wani gari a kan tudu inda ake sanyi kamar hunturu, Turawa suna kiwon shanu suna noman kayan lambu. Can ta samu madara ta kwana da ita ta yi tsami, ta dama da furar shinkafa, ta sha tana hawaye. Kusa da Moka ɗin akwai tafkin Biyawo da ke zaune a cikin bakin mataccen dutse, da wuraren da ruwa ke zubowa daga saman duwatsu, waɗanda yau masu yawon buɗe ido ke biyan kuɗi a raka su. Na tambaye ta ko ta je, ta ce ita nono ya kai ta.

Don kada in zalunci kaina, farin yashin ma akwai shi. Kusa da garin Luba, da ake kira San Carlos a zamaninsu, akwai wani bakin ruwa da sunansa ma da Sifaniyanci "farin yashi" yake nufi, Arena Blanca. Na kai mata hoton da gudu ina murna na kama ta. Ta dube shi ta taɓe baki ta ce, "Awo, na ji labarinsa. Wa zai bar tallar ƙosai ya tahi kallon rairai?" Haka ma manyan kunkurayen teku da ke fitowa gaɓar kudu daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu su haƙa rami su zuba ƙwai, ita a kasuwa kaɗai ta san su. Yanzu masu bincike ne ke kwana a bakin ruwan suna gadinsu, su da birran dajin, don kada mafarauta su ƙarar da su.

Shekara uku suka yi niyyar yi. Sai yaƙin basasa ya ɓarke a Nijeriya a 1967, hanyar da suka bi suka zo ta zama fagen fama, ba komawa. A 1968 Turawan Sifen suka ba da mulki, Macias Nguema ya hau, al'amura suka fara lalacewa. Aka daina biyan leburori, abinci ya yi wuya, duka da kisa suka yawaita, har gwamnatin Janar Murtala ta aika jirage aka kwaso dubban 'yan Nijeriya a ƙarshen 1975 da farkon 1976. Da su aka dawo, daga su sai akwatin ƙarfen nan da yara biyu, Babanmu yana goye.

Yara biyu ta dawo da su, amma uku ta haifa a can. Wannan ba ta faɗa a gaban ƙannena ba, sai wani dare da muka rage mu biyu. Ɗanta na fari, namiji, zazzaɓi ya ɗauke shi yana da shekara biyu, a tsakiyar damina. Ba ta faɗi sunansa ba, kun san kunyar ɗan fari, "wancan yaron" kawai take cewa har yau. Maza suka tafi da shi maƙabartar Musulmi, suka dawo jiƙe sharkaf, ta ji ɗayansu yana cewa sai da suka yi ta kwalfe ruwa daga ramin da ƙwarya. Ta ce shekara hamsin da ɗoriya ke nan, in aka yi ruwa mai ƙarfi da dare ba ta iya barci.

Na rasa abin da zan ce mata, sai na kama matsa mata ƙafa.

Littafin ya riga ya fita yadda na rubuta shi, don lokacin ban da ƙarfin halin taɓa babin, kuma gaskiya ina tsoron kada ku ce na ɓata muku amarci da ruwan sama. Har yanzu ban ga laifin mace ta zauna a ɗakinta ta yi mafarkin bakin teku ba, ni ma da mafarkin na rayu a watannin nan da aka rufe mu. Abin da ke ci mini rai shi ne tsibirin da na ba ku ba kowa a cikinsa, alhali wanda ke cikin gidanmu cike yake da masu talla da leburori da kabari guda namu. Wanda nake rubutawa yanzu a can zai faru, a 1964, kuma yashin baƙi ne. Baiwar Allah ta Funtuwa, ga sunan wuri na ba ki, sai dai ki riƙe lema.

Wanda zai aure ni bayan babbar salla ya taɓa yi mini alkawari cikin raha, wai in Allah ya buɗa masa zai kai ni tsibirin littafina. Na gaya wa Kaka, na ce in haka ta faru da ita za mu, ta nuna mini unguwarsu. Ta yi dariya ta ƙirga mini kuɗin jirgi da Sifaniyancin da ya rage mata, daga ɗaya zuwa goma, sannan ta ce ita ta gama da teku. Wai Malam ya taɓa gaya mata ruwan Bunsuru da na Gagare duk Rima suke faɗawa, Rima ta kai su Kwara, Kwara ta kai su tekun nan, don haka duk damina tana aika gaisuwa.

Jiya da daddare na sake buɗe mata hotunan Malabo a waya. Manyan tituna, dogayen benaye, otal-otal na kuɗin man fetur. Ta kawo wayar dab da idonta, ta daɗe tana dubawa, ba ta gane ko kwana ɗaya ba. Sai da dutsen ya fito a bayan gari ta ɗora yatsa a kai ta ce, "Wanga dai shi ne."

Ta miƙo mini wayar. "To yanzu nemo min garinmu in gani. Gulbi ya kawo war haka."

Daga ƙofar gidanmu zuwa ƙauyen nan ba a awa guda da rabi a mota, can kuma Kakanmu yake kwance. Rabonta da shi tun ranar da aka ɗauko ta, don Babanmu ya ce hanyar ba ta biyuwa da tsohuwa. Na rubuta sunan ƙauyen, na sake rubutawa da wani harafin, na haɗa da Zurmi, na haɗa da Bunsuru. Hoto ko ɗaya bai fito ba.

Ta ce, "Bari kishiya, kar ki ƙarar da cajin." Ta ja mayafinta ta juya ta fuskanci bango.