Goyon Namiji Sai Da Keke

Yau labarin gidana na kawo muku, kuma na sani tun kafin in kai ƙarshe wasu dattawa za su girgiza kai su ce yaran zamani ba su da ta ido. Dalili kuwa a kan 'yar fari zan yi magana, abin da mahaifina bai taɓa yi a bainar jama'a ba har ya koma ga Mahaliccinsa. To, a gafarce ni. Sunanta dai ba zan kama ba, don sunan mahaifiyata ta ci. Ummi muke ce da ita.

Bisa al'ada, haihuwar fari gida ake tafiya a yi ta gaban iyaye. Mu Allah bai nufe mu da haka ba. Tun cikin yana wata 7 likita ya hana maiɗakina doguwar tafiya daga Legas zuwa Funtuwa, da lokaci ya yi kuma sai da aka yi mata aiki aka ciro yarinyar. Gwaggonta ta zo ta zauna da mu har aka yi arba'in, sa'an nan ta koma, domin ita ma tana da nata gidan. Muka rage mu uku a ɗaki biyu, a saman bene, cikin Agege.

A nan ne na gane wani abu da na tashi a cikinsa ban taɓa lura da shi ba. A gidanmu na Funtuwa jariri ba ya rasa baya. In uwa ta gaji akwai kaka, akwai matar wa, akwai ƙanwar uba, ga kuma 'yan mata ƙanana masu rigimar a ɗora musu goyo ko da ƙafafun jaririn za su riƙa dukan ƙwaurinsu. A Agege baya ɗaya ke gare mu. Mai bayan kuwa ɗinki ne a mararta, kuma duk wanda ya san goyo ya san zane a ƙirji ake ɗaure shi, majanyi kuwa a kan ciki ake ƙulla shi. Ranar da ta kai Ummi rigakafin mako 10, ni ina barci, don aikin dare nake yi a ɗakin gyaran labarai, sai da asuba nake dawowa. Da na farka na same ta kwance ta juya fuska ga bango. Ba ta ce mini kome ba, amma na ga inda hawaye ya jiƙa matashi.

Da dare, kafin in fita, ta ce, "Malam, na ga wata mata a asibiti tana tura ɗanta a keken jarirai." Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Ni kuwa a raina na ce wannan ai kayan mutanen Ikoyi ne, masu titi sumul da direba. Amma ɗan jarida ba ya jin abu ya bar shi. Bayan an rufe shafin ƙarshe a daren nan, na zauna gaban kwamfuta na bi diddigin abin.

Ashe tsohon abu ne. A 1733 wani mai zanen gine-gine da lambuna a Ingila, William Kent, ya ƙera wa 'ya'yan wani basarake ɗan amalanke, wanda ba mutum ke tura shi ba, akuya ko ɗan doki ke ja. A 1965 kuma wani injiniyan jiragen sama, Owen Maclaren, ya ga wahalar da 'yarsa ke sha da ƙaton keken jariri, sai ya ƙera wani da sandunan alminiyam, mai naɗewa kamar laima, nauyinsa wajen kilo 3. Amma wanda ya tsayar da ni shi ne labarin mai ƙafa uku. Wanda ya fito da shi, Phil Baechler, ɗan jarida ne kamata, a garin Yakima na ƙasar Amurka. Mutum ne mai son gudun motsa jiki, kuma ba ya son barin ɗansa a gida, sai ya haɗa keke da manyan ƙafafu irin na basukur, biyu a baya ɗaya a gaba. A 1984 ya kafa kamfani, keken ya yi suna da Baby Jogger. Watau uba ne ya ƙera shi, domin uba ya tura. Na daɗe ina kallon wannan magana, ban gaya wa kowa ba.

Ranar Asabar muka bar Ummi wajen maƙwabciya muka tafi kasuwar Katangua, inda ake hada-hadar gwanjo, don sabo na kanti ya fi ƙarfin albashina. A rumfar da muka tsaya iri uku muka tarar. Akwai mai naɗewa kamar laima, mara nauyi, wanda mace za ta ɗauka da hannu ɗaya. Akwai mai ƙafa huɗu 'yan ƙanana na roba, mai kyan gani, har da wurin ajiye kwalbar madara. Sai kuma mai ƙafa uku, baƙi, jingine can a kusurwa, tayoyinsa masu shan iska, na baya sun fi na gaba girma.

Mai laima tun farko ya fita daga lissafi. Mazauninsa ba ya kwantawa, jaririn da bai kai wata 6 ba kuwa wuyansa bai yi ƙwari ba, kwance ake so ya kasance, bayansa a miƙe. Saura biyu. Na roƙi mai rumfa ya bar ni in gwada su a waje, ya ce in dai ba gudu zan yi da su ba. Na ɗora jakata a cikin mai ƙafa huɗu na tura. Taku biyar ban yi ba ƙafafun gaba suka nutse cikin yashi suka cije, da na matsa sai suka karkace, ɗaya gabas ɗaya yamma. Na koma kan mai ƙafa uku. Ya ratsa yashin, ya hau kan tsakuwa, ya tsallake wani katako da aka gitta bisa kwata, jakar ko motsi ba ta yi sosai ba, don iskar taya tana shanye girgiza. Na tuna murhun Inna. Duwatsu uku ne, kuma kome rashin daidaiton ƙasa tukunya tana zama daram, alhali kujera mai ƙafa huɗu sai an sa mata ɓallin katako a ƙarƙashi. Titinmu na Agege kuwa, wanda damina ke sake masa fasali kowace shekara, ya fi kama da gindin murhu.

Amma fa kada mai karatu ya ɗauka abin ba shi da aibu. Mu mazauna Legas mun san halin mai ƙafa uku tun da Keke Marwa ya shigo, zamanin da Buba Marwa ke gwamnan soja, tsakanin 1996 da 1999. Yana shiga lungun da mota ba ta shiga, amma in ya sha kwana da gudu sai ka ga ƙafa ɗaya ta ɗaga sama fasinja suna salati. Keken jariri ma haka yake. In ka sauko da shi daga dakali a karkace, nauyin duka a kan ƙafar gaba ɗaya yake sauka, yana iya kifewa gefe. Ga nauyi, don mai rumfa ya rataya shi a sikeli na gani da idona, kilo 12. Ga girma, ko an naɗe shi ba ya shiga ƙaramar motar haya sai an cire ƙafafun baya, balle motar danfo da ake zama gwiwa a ƙirji. Tayar iska kuma ƙusa tana huda ta kamar kowace taya.

Da yake gwanjo ne, sai da na bi shi gaɓa gaɓa. Na taka birki na tura da ƙarfi, bai motsa ba. Na duba ɗamarar da ke riƙe yaro, wadda ya kamata ta kama shi wuri 5, watau kafaɗu biyu, ƙugu ta gefe biyu, da tsakanin ƙafafu, na ja kowace igiya in ga ko ta ruɓe. Na gwada makullin ƙafar gaba, wanda in an sake shi ƙafar tana juyawa ko'ina don shan kwana, in an kulle ta kuma tana tsayawa cak don mummunar hanya. Na kwantar da mazaunin har ƙasa, ya kwanta. Na naɗe shi na buɗe sau uku, ina lura da inda ƙarafa ke haɗuwa, don nan ne ke datse yatsa. Mai rumfa ya gaji da ni, ya ce ko mota zan saya iyakar binciken ke nan.

Duk wannan abin da nake yi maiɗakina tana tsaye, hannunta a kan mai ƙafa huɗu. Shi ne ya fi sauƙin kuɗi da nauyi. Na shiga yi mata bayanin yashi da murhu, ta saurare ni har na gama, sa'an nan ta ce, "Na ji, Malam. Wa zai riƙa saukowa da shi daga bene?"

Na ce, "Ni."

Ta ce, "Wa zai tura?"

Nan fa ake yinta. Sai a lokacin na gane cewa tun da muka shigo kasuwa, ita wannan tambaya take jira a amsa mata, maganar yawan ƙafafu ba ta dame ta ba. In muka sayi ƙaramin, nata ne, ita da wahalarta, ni na biya kuɗi na fita. In muka sayi babban, wanda likita ma ya hana ta ɗaga irin nauyinsa, to, na ɗaura wa kaina goyo ke nan a gaban shaida. Na dubi marikinsa, dogo ne, daidai tsayina. Na ce, "Ni zan tura." Ta ɗauke hannunta daga kan ɗayan. Muka yi ciniki, aka tsaya a kan abin da ya kusa cinye rabin albashina na wata, na saɓa shi a kafaɗa har bakin titi.

Fitar farko ita ce jarrabawa. Na dawo aiki na yi sallar asuba, na ce da uwar ta koma ta yi barci, na sauko da keke, na koma na sauko da yarinya. Hanyar kuwa dole ta bi ta gaban teburin mai shayi, inda 'yan arewa ke taruwa kafin su watse neman abinci. Tun daga nesa na ga an ajiye kofuna. Wani ya ce, "Malam ɗan jarida, an samu sabon aiki ne? Nawa ne zuwa Oshodi?" Aka tuntsire da dariya. Wani kuma, ƙasa ƙasa yadda zan ji, ya ce mijin ta ce. Na yi musu sallama na wuce, kunnuwana suna zafi. Kwana uku ana wannan, a na huɗu wani dattijo mai sayar da goro ya tsayar da ni, ya leƙa ya yi wa yarinyar addu'a, ya ce kada in kuskura in lulluɓe keken da zane don kare rana, zafi yana taruwa a ciki. Gaskiya ya faɗa, likitoci ma haka suke gargaɗi. Daga ranar ba'a ta ragu, ko da yake ba ta ƙare ba.

Akwai abu ɗaya da ban gaya wa maiɗakina ba, yau za ta karanta shi tare da ku. Wata safiya na sayi doya na rataya ledar a jikin mariƙi. Na saki hannu ɗaya don in karɓi canji, sai ƙafar gaba ta tashi sama, keken ya yi baya zai faɗi. Allah Ya sa na tare shi da cinya, kuma ɗamara tana ɗaure. Ummi ko farkawa ba ta yi ba. Ni kuwa sai da na zauna a bakin wani shago jikina ya daina rawa. Tun daga ranar kaya a kwandon ƙasa nake sa su, igiyar mariƙi kuma ba ta barin wuyan hannuna.

Inna ta zo ganin takwararta tana wata 5. Ta ga keken a bakin ƙofa, ta tambayi mene ne, aka gaya mata, ta yi shiru. Sai da dare ta kira ni. Na zaci maganar kunyar ɗan fari za ta yi, har na shirya amsa, sai ta ɓullo ta wani wajen. Ta ce, "Kai, yaro a baya kana jin numfashinsa. Zazzaɓi tun bai fito ba bayanka ya gaya maka. A cikin wannan abin naku, yana can gaba yana kallon ƙafafun mutane, ba ya ganin kowa nasa." Na nemi abin da zan ce na rasa, don Turawan ma da suka ƙera keken yanzu sun koma sayar da zanen goyo iri iri a kantunansu. Na dai ce mata ɗinkin ya warke, uwar ta koma goyo in za ta kasuwa ko za ta shiga mota, keken na safiyata ne kawai. Ta ce, "Uhm."

Mako biyu ta yi. Ba ta taɓa keken ba ko sau ɗaya, amma na lura kullum in na fita da asuba tana tsaye a taga. Ranar da za ta koma, mun sauko da kayanta, sai ta kwance ƙullinta ta fito da wani tsohon zane saƙi da ya sha wanki har ya yi laushi. Ta ninka shi huɗu, ta shimfiɗa a mazaunin keken, ta danna gefe da gefe da tafin hannu. Ta ce robar tana da zafi, bayan yaro ba ya son ta.

Na ce, "Na gode, Inna."

Ta ce, "In kun tashi zuwa Sallah, a Legas za ka bar shi."