Kwanon Inna a Ƙasar Baƙunci

Mun bar Wusasa a shekara ta 2014, ni da maigidana da yaranmu biyu, muka zauna a Landan inda ya sami aikin jinya. Kowace Kirsimati nakan yi kewar gida ƙwarai. A can, tun da asuba Inna takan ɗora tukunya, mu yara mu yi ta kai kwanonin shinkafa da cincin gidajen maƙwabta, Kirista da Musulmi duka. A nan kuwa kowa ƙofarsa a rufe, rana ma takan faɗi kafin ƙarfe 4 na yamma.

A watan Mayu na 2020 Inna ta rasu. Tun watan Maris an rufe filayen jirgin sama na Nijeriya saboda annobar korona, ba a buɗe su ga jiragen ƙasashen waje ba sai Satumba. Aka binne uwata ina kallo ta waya. Zuciyata ta yi ɗaci, har na daina addu'a. Nakan ce a raina, me ya sa Ubangiji ya kawo ni nan, sa'an nan ya rufe hanya?

Da Kirsimati ta matso na ce bana ba zan dafa kome ba. Sai autarmu ta ce, "Mama, kullum kina ba mu labarin kwanon Kaka. Yanzu da ta tafi, wa zai kai?"

Na rasa amsa. Ran Kirsimati na tashi na ɗora tukunya ina hawaye.

Akwai wata tsohuwa Baturiya kusa da mu, wadda gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. A lokacin doka ta hana shiga gidajen juna, saboda haka muka ajiye kwanon a bakin ƙofarta, muka ƙwanƙwasa, muka ja da baya. Da ta fito na gaya mata wannan al'adar uwata ce, kuma bana ta rasu. Ta yi shiru, sa'an nan ta ce mijinta ma ya mutu a asibiti a watan Afrilu, ba a bar ta ta zauna a wurinsa ba. Muka tsaya nesa da juna cikin sanyi, muna kuka tare.

A daren nan na sāke durƙusawa. Na tuna Mai Cetonmu ma an gudu da shi Masar yana jariri, ya kuma zub da hawaye a kabarin Li'azaru. Ya san baƙunci, ya san makoki. Har yau ina kewar Inna, amma na san tana wurinsa, zan kuwa gan ta.

Ya mai karatu, in akwai wanda ba za ka gani a gidanka ba a wannan Kirsimati, kada ka rufe ƙofa. Wataƙila maƙwabcinka yana ɗauke da irin naka nauyin. Ka kai masa kwano.